Hatimin Gidan Waya da Ranakun da Ba Wanda Ya Rubuta

A jikin duk tsohuwar ambulan da ta bi ta gidan waya akwai wani ɗan zagaye na baƙar tawada, rabinsa ya hau kan sarki, rabi ya sauka a kan takarda. Faɗinsa bai wuce na tsohon kwabo mai huji ba. Daga sama sunan gari ne, daga ƙasa sunan ƙasa, a tsakiya kuma rana da wata da lambobi biyu na ƙarshen shekara. Ana buga shi ne don a kashe kan sarkin, kada wani ya ɓamɓare ya sake liƙawa a wata wasiƙar. Shi ya sa yawancinmu ɓarna muke ɗaukarsa, tunda ya rufe hoton da ido ke son gani. Lokacin da yayin tara kan sarki ya shiga makarantun kwana, yara kan yage kusurwar ambulan, su jiƙa ta a ruwa har kan sarkin ya saki, su shanya shi a kan tsohuwar jarida. Ragowar takardar kuwa murhu take nufa.

Abin da aka ƙona ɗin nan ya fi abin da aka adana amfani. Kan sarki iri ɗaya ana buga shi dubbai bisa dubbai, wanda ke hannunka da wanda ke hannun wani a Ikko ko Landan babu abin da ya raba su. Amma ambulan da ta tashi daga gari kaza, ran kaza, zuwa ga wane ta hannun wane, ita kaɗai ce a duniya. Da zarar an yage kusurwarta, an raba rana da mai ranar.

Masu wannan sha'awa a ƙasashen duniya sun daɗe da gane haka, har sun kasu kashi-kashi. Wani hatimin gari guda yake bi tun daga buɗe gidan wayarsa, wani wasiƙun jirgin sama, wani na sojoji. Akwai kuma masu bin kalanda, kuma su ne suka fi ɗaukar hankalina. Mutum zai ware gurbi 366, kowace rana ta shekara da nata, har da 29 ga Fabrairu. Sai ya shiga neman ambulan ɗaya ga kowane gurbi, wadda hatiminta ya fito tsaf ana karanta ranar. Shekara ba ta dame shi ba. Ta 1938 tana iya zama kusa da ta 1981, muddin wannan 4 ga Yuli ce, waccan 5 ga Yuli. A baki abin kamar wasa, amma akwai waɗanda suka tsufa ba su cike gurabensu ba.

Sa kwanan wata a jikin wasiƙa da hatimi ya girmi kan sarki nesa ba kusa ba. Kan sarki na farko a 1840 ya fito a Ingila. Hatimi mai rana kuwa tun 1661 shugaban gidan wayar Ingila, Henry Bishop, ya shigo da shi a Landan: ɗan zagaye ne da aka raba biyu, gefe guda rana, gefe guda wata, ko shekara babu. Dalilinsa kuma a fili yake. Mutane na kukan cewa masu raba wasiƙa suna riƙe saƙo kwana da kwanaki, in an tambaye su su ce yanzu ya iso. Da hatimin ya zo, gardama ta ƙare, don ranar da wasiƙa ta shiga hannun hukuma tana nan a goshinta. Ashe tun asali shaida aka ƙera shi ya zama, kuma shaida a kan ma'aikatan gidan wayar kansu.

Mu ma a ƙasar nan mun san hatimi tun kafin Bature. Wasiƙun Sarkin Musulmi da na Waziri da na sarakunan Daular Usmaniyya da Larabci ake rubuta su, a buga musu hatimi mai ɗauke da sunan mai saƙon, manzo ya hau doki ya kai. Fatake Larabawan Gadamas da ke zaune a cikin birnin Kano su ma wasiƙunsu na ratsa Sahara tare da ayari, wata da watanni kafin su isa Tarabulus. Bayan Turawa sun shiga Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, an sami tarin irin waɗannan wasiƙu a gidan Waziri Buhari, wani jami'in mulkin mallaka mai suna Backwell ya fassara su aka buga a 1927. Duk wanda ya yi aiki da wasiƙun daular ya san wahalarsu: galibi babu kwanan wata a jikinsu. Sai masani ya dubi hatimin wane ne, ya dubi sunayen da aka ambata, ya auna da wani yaƙi ko rasuwar wani basarake, sannan ya ce tsakanin shekara kaza da kaza aka rubuta. Tarihin sarakunan Kano ma haka yake, yana faɗin shekarun da kowane sarki ya yi a gadon mulki, amma lissafin shekarar hawansa daga baya masana suka yi shi, suna ƙirgawa da baya da baya. Wannan ba kasawa ba ce ta magabata. A wurinsu abin da wasiƙa ke bukata shi ne a tabbatar daga wa ta fito, manzon da ya kawo ta kuma yana tsaye, shi zai faɗi yaushe ya baro gida. Sai dai manzo yana mutuwa, takarda ta saura ba mai yi mata bayani.

Hatimin gidan waya da mulkin Turawa ya zo. An kafa Nijeriya ta Arewa ran 1 ga Janairu 1900, a shekarar kuma aka fitar da kan sarkinta na farko mai hoton Sarauniya Biktoriya. A gidajen waya na farko irin na Jebba, kafin hatimin ƙarfe ya iso, da alƙalami ma'aikaci ke rubuta sunan wurin da kwanan wata a kan kan sarkin, kuma irin waɗannan yau suna cikin abubuwan da masu tarawa ke rububi a kai. Sojojin Kanar Morland sun shiga Kano ran 3 ga Fabrairu 1903, Sarki Alu yana Sakkwato. Turawa ba su zauna cikin ganuwa ba, waje suka fita, wajen gidan Sarki na Nassarawa, daga nan unguwar da muke kira Nassarawa GRA ta samo tushe. A nan Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko a 1909, gidansa kuma yana nan har gobe. A waɗannan shekarun da ƙafa ake ɗauko jakar wasiƙa daga Zungeru, a bi ta Zariya. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, daga baya har aka riƙa haɗa masa taragon gidan waya, inda ake tantance wasiƙu ana buga musu hatimi jirgi na tafiya. Ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na Kano. A Fabrairun 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu daga Khartum zuwa Kano, ta Fashir da Fort Lamy, wato Njamena ta yau, da Maiduguri. Saƙon da a da yake cin makonni a teku da dogo sai ga shi yana zuwa daga Landan cikin kimanin mako guda. Duk wannan ana iya karanta shi a bayan ambulan ba tare da an buɗe littafi ba, don ratar da ke tsakanin hatimin tashi da na sauka ita ke nuna ko da ƙafa aka zo, ko ta dogo, ko ta sama.

Wani kawuna, tsohon ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya a Nassarawa, yana cikin masu bin kalandar nan, ko da yake shi bai taɓa kiran abin da wani suna ba. Fayil goma sha biyu gare shi, irin na ofis masu igiya, kowane wata da nasa, a cikin wata adaka da ya ɗora a kan bulo saboda gara. Ya kafa wa kansa sharaɗi guda: sai ambulan da ta taɓa Kano, ko daga nan ta tashi ko nan ta sauka. Rannan ya zaro mini wata daga fayil ɗin Maris. Takardar ta yi ja, gefunanta sun yi laushi. An ja mata layi biyu da shuɗin fensir, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance, alamar wasiƙar rajista ce, ga kuma 'yar takardar lamba a liƙe. Kan sarkin na Gwalkwas ne, tun ba a sa wa ƙasar suna Ghana ba, hatimin kuma na Kumasi. An rubuta adireshin da boko, rubutun mai koyo, manyan baƙaƙe suna hawa suna sauka, ta hannun wani mai kanti a Fagge. A gefe kuma wani ya sake rubuta sunan mai wasiƙar da ajami, da tawadar allo.

Na kai hannu, ya ce, "A'a, ɗana, ta gefe ake riƙewa. Juya bayanta ka gani."

A bayan akwai hatimi uku, ɗaya na hawa kan ɗaya, na ƙarshe na Kano.

Na ce, "Kawu, me aka rubuta a ciki?"

Ya ce, "Wasiƙar tana wurin jikokin mai ita, ni ban karanta ba, ban kuma nemi in karanta ba. Sirrinsu ne. Ni dai na san ran da ta baro Kumasi, na san ran da ta kwana a hanya, na san ran da ta shigo garin nan. Dubi ajamin nan. Yaron kanti aka ba ya kai cikin gari, shi kuwa bai iya boko ba, sai aka rubuta masa da abin da ya iya."

Na daɗe ina juya wannan magana. Ambulan ɗaya ta nuna hanyar fataucin goro, ta nuna cewa mai akwatin gidan waya guda unguwa guda yake ɗauke wa nauyi, ta nuna rubutu biyu suna aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma ba ta tona asirin kowa ba. Wannan ya dace da mu ƙwarai. Bahaushe ba ya son a baza cikin gidansa a kasuwa, kuma yana da gaskiya. To, ga hanyar adana tarihi da ba ta bukatar a karanta gaisuwar miji ga matarsa ko bashin da wane ke bin wane.

Sai wanda ya fara cike guraben yake gane cewa ranakun shekara ba ɗaya suke ba. Lahadi ba matsala ba ce, don ranar da ta faɗo Lahadi bana, baɗi Litinin ce ko Talata. Wahalar tana ga ranakun hutu masu zama daram a kalandar Bature: 25 da 26 ga Disamba, da 1 ga Janairu. Ita 1 ga Oktoba sai dai a nemi ta kafin 1960. Haka 1 ga Mayu, wadda gwamnatin Abubakar Rimi ta fara mayarwa hutun ma'aikata a Jihar Kano a 1980, tarayya ta bi sahu a 1981. Ta bayan nan da wuya, ta gabanin nan a sauƙaƙe. Uwa uba 29 ga Fabrairu. Ta farko bayan zuwan Turawa Kano ita ce ta 1904, daga nan zuwa 2000 sau 25 kacal ta zo, uku daga ciki kuma, wato 1920 da 1948 da 1976, Lahadi suka faɗo.

Abin da ya fi burge ni shi ne Sallah ba ta barin gurbi ko ɗaya a buɗe. A garin da ranar Sallah komai ke tsayawa, daga kasuwar Kurmi har ofisoshin Nassarawa, mai tara hatimi ba zai taɓa jin ta ba. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kimanin kwana goma sha ɗaya, saboda haka Sallah tana zagaya kalandar Bature kaf cikin shekara talatin da uku ko kusa da haka. Ranar da aka rufe gidan waya don hawan Sallah a wata shekara, a wata shekarar ranar aiki ce. Kirsimeti kuwa tana nan inda take. Fayil ɗin kawu, ba tare da ya nufa ba, ya nuna da agogon wa aka gina aikin gwamnati a ƙasar nan, ya kuma nuna cewa jama'a da lissafi biyu suke rayuwa. A wasiƙun alhazai ne lissafin biyu ke haɗuwa, don hatimin Makka da na Jidda sau da yawa yana ɗauke da kwanan watan Hijira da na Miladiyya tare. Na masu tafiya ta ƙasa kuwa, waɗanda suka yada zango a Sudan shekara da shekaru suna noman auduga don neman guzuri, suna zuwa da kan sarkin nan mai hoton ɗan aike a kan raƙumi, wanda Sudan ta fara fitarwa tun 1898.

Akwai hanya mai sauƙi ta cike wasu gurabe. Duk lokacin da aka fitar da sabon kan sarki, gidan waya kan shirya ambulan ta musamman, a buga mata hatimin ranar farko a sayar wa masu sha'awa. An yi wa bikin 'yancin kai irin wannan ran 1 ga Oktoba 1960. A Maris ɗin 1959 ma, da Jihar Arewa ta sami mulkin kanta, an fitar da kan sarki biyu, na kwabo uku mai hoton Lugard Hall ta Kaduna, da na sule guda mai hoton Masallacin Juma'a na Kano. Suna da kyau, ba na musu. Amma kawu ba ya sa ambulan ɗin ranar farko a fayil ɗinsa, ni ma ina bayansa. Ita an yi ta ne don a ajiye, ba ta taɓa ɗaukar saƙon kowa ba, ba wanda ya yi ta zarya gidan waya yana tambaya ko ta iso. Wadda ta lanƙwashe a aljihun ɗan kamasho, ta sha gumi, aka yi lissafin buhunan gyaɗa a bayanta, ita ce ta ga rana da idonta.

Tsarin kalanda kuma yana yin wani adalci da littafin tarihi ba ya yi. Littafi ranakun sarakuna da sojoji yake tsincewa: 15 ga Janairu 1966, 27 ga Mayu 1967 da aka ƙirƙiro Jihar Kano, 13 ga Fabrairu 1976. A fayil kuwa kowace rana gurbi ɗaya gare ta, babba da ƙarama. Ranar 13 ga Fabrairun nan Juma'a ce. Wanda ya jefa wasiƙarsa a akwati daren Alhamis, yana neman gurbin karatu ko yana sanar da ranar ɗaurin aure, bai san da safe za a harbe Janar Murtala a Ikko ba, hatimin da ya hau wasiƙarsa kuma bai bambanta da na jiya ba in ban da lambar rana. Ranakun da ake cewa ba a yi komai a cikinsu ba su ne mafi yawa, kuma a cikinsu aka haifi kusan kowa, aka yi aure, aka biya kuɗin makaranta, aka aika wa tsohuwa da fasal oda. In ka bi fayil guda daga farko zuwa ƙarshe za ka ga fuskar Sarki Joji ta ba da wuri ga ta 'yarsa, ka ga jerin 1953 mai mahayan Barno da gyaɗa da gadar Jebba da fatu da ƙiraga, ka ga sule da kwabo sun koma naira da kobo daga 1 ga Janairu 1973. Sunan ƙasa a gindin hatimi ya tashi daga Nijeriya ta Arewa ya koma Nijeriya bayan haɗewar 1914. Baƙaƙe huɗun da ke sama ne kawai ba su motsa ba. Hatta wasiƙun sojojinmu da suka yi yaƙin Bama, waɗanda aka hana su faɗin inda suke, aka sa lamba a madadin sunan gari a hatiminsu, ranar tana nan ba a ɓoye ta ba.

A nan ne abin ya taɓo wani rauni namu. Bahaushe gwani ne wajen riƙe ranar mako da yanayi. Ladi da Ɗanladi, Talatu, Balarabe, Lami, Jummai, Asabe, duk suna yawo da ranar haihuwarsu. Azumi da Marka da Anaruwa suna ɗauke da lokacinsu. Tsohuwa za ta ce maka an haife ka ran Laraba da hantsi, ana sauran kwana uku Sallar Layya, shekarar da Sarauniya ta zo Kano, ko shekarar canjin hannu, ko ta canjin kuɗi. Wannan ba ƙaramin sani ba ne, kuma mai haƙuri yana iya mayar da shi 1956 ko 1972 ko 1973, har ya fitar da ranar. Gidajen malamai kuma sun saba rubuta haihuwa da rasuwa da kwanan watan Hijira a bangon littafi. Amma talaka da yawa bai sami ko ɗaya ba. Da zamani ya zo yana neman rana da wata da shekara a kowane fom, sai aka koma kotu ana rantsuwar shekaru, aka wayi gari jama'a masu ɗimbin yawa duk 1 ga Janairu aka haife su a takarda. Ɗaya daga cikin ranakun da suka fi wuyar samu a hatimin gidan waya ita ta fi yawa a katin shaidarmu. Wannan yana damuna, don mutumin da aka ƙaga wa ranar haihuwa an rage masa wani abu nasa, ko da bai ji zafin ba. Sau da yawa kuwa amsar tana cikin adakar gidan: wasiƙar barka da aka aiko wa mahaifinsa daga Jos ko Damagaram, ko ta ta'aziyya da za ta warware gardamar wa ya riga wa rasuwa, maganar da masu rabon gado suka san nauyinta. Marubucin wasiƙar wataƙila bai sa rana ba. Gidan waya ya sa masa.

Wa ya sa ranar? Wani ƙaramin ma'aikaci ne da ba a rubuta sunansa a ko'ina ba. Kowace safiya kafin a buɗe taga, zai kwance hatimin, ya zare 'yan ƙarafan jiya, ya jera na yau, ya ɗaure, ya gwada a takarda ya ga ya zauna daidai. Watanni da baƙaƙe biyu ake taƙaita su, JA da FE da MR har zuwa DE. Wani lokaci yakan sa lamba a kife, ko a farkon Janairu ya manta bai canja shekara ba, masu tarawa kuma suna son irin waɗannan don ƙarancinsu. Ƙarancin nan shi ne abin lura. A cikin dubban safiyoyi, a babban gidan waya na Kano da ke kusa da tashar jirgin ƙasa da ƙananan rassa na ƙauyuka inda ba mai duba shi, kusan kullum ranar daidai take. Bai san abin da ke cikin wasiƙun ba, ba shi da riba in ya ƙara kwana ko ya rage, bai kuma taɓa tunanin wani zai zo bayan shekara saba'in ya dogara da aikinsa ba. Ya dai yi abin da aka ba shi amana. Shaidar da ba ta da ra'ayi a cikin magana ita alƙali ya fi so, kuma irinta ce wannan bawan Allah ya bar mana, bugu ɗaya bayan ɗaya. Yau da mun saba jin an ce a dawo da kwanan wata baya a takardar ofis don a gyara wa wani, ya kamata mu san cewa an yi zamanin da ƙaramin ma'aikaci ya riƙe rana da gaskiya har ta zama abin kafa hujja.

An raba tsohuwar ma'aikatar gidan waya da tangaraho a 1985, NIPOST ta ɗauki wasiƙu. Wayar salula ta shigo a 2001, daga nan layin masu duba akwati ya fara gajarta, marubuta wasiƙa da ke zama da teburinsu a bakin gidan waya suka koma cike fom. Saƙon waya yana da rana har da minti, gaskiya ne, amma yana tafiya tare da wayar ran da ta faɗa ruwa ko aka sace ta.

Abin da ya rage na takarda kuma yana ƙarewa a gabanmu. Duk mai bin Sultan Road ko Alu Avenue ko Lamido Crescent ya ga yadda tsofaffin gidajen Nassarawa masu faɗin fili da manyan itatuwa ke faɗuwa, ana yanka filayen ana tayar da benaye da shaguna. Gidajen nan na tsofaffin ma'aikata ne da 'yan kasuwa, mutanen da suka fi kowa karɓar wasiƙa a Kano. In mai gida ya rasu aka zo rabo, ana ware takardun fili da na banki, sauran a ce tarkace ne. Wasu gara ta riga ta gama da su a sito. Wasu kuma da kyakkyawar niyya ake ƙona su, don wasiƙunmu da sunan Allah suke farawa, ba a so su faɗa bola a tattaka. Niyyar abin girmamawa ce, sai dai adanawa ma girmamawa ce, kuma ita ambulan ɗin galibi suna da adireshi kawai ke jikinta.

Wanda ya ci karo da irin wannan adaka, kada ya yage kan sarki, kada ya sa salatif ko ya kai a manne takardar cikin roba mai zafi, don duka biyun suna kashe ta. A ɗaga ta daga ƙasa, a nisanta ta da danshin damina da hasken rana. In za a yi rubutu, a yi da fensir a wata takarda daban. Abin da ya fi gaggawa shi ne a ɗauki ambulan ɗin a kai wa Hajiya ko Gwaggo tun suna da rai, a karanta musu sunan, a tambaye su wane ne wannan, me ya kai shi Kumasi, wace ce aka haifa a lokacin. Hatimi zai ba da rana, su za su ba da mutumin, kuma su ba za su jira mu ba.

Ina fata a ce Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano, wadda ke zaune a Gidan Ɗan Hausa cikin Nassarawar nan, ta buɗe ƙofa ga iyalan da ke son ba da ambulan su riƙe wasiƙunsu, ko a ɗauki hoton gaba da baya a mayar musu da abinsu. Ɗaliban tarihi na Jami'ar Bayero za su sami abin aiki na shekaru, daga hanyoyin fatauci zuwa tafiyar alhazai da yaɗuwar boko. Abin da aikin ke bukata bai wuce ɗaki ɗaya marar yoyo ba, da kabad na ƙarfe, da ma'aikaci guda da zai riƙa rubuta daga wane gida kowace ta fito da ranar da aka kawo ta.